Yadda ake yi wa dokin diresaj tausa, daga ƙeya zuwa kuturi

Doki ba zai buɗe baki ya ce maka ga inda ke masa ciwo ba. Abin da zai yi shi ne ya ƙi lanƙwasa wuya zuwa hagu, ko ya kwantar da kunnuwa da zarar ya hango an ɗauko sirdi, ko ya dinga kaɗa jela duk lokacin da aka nemi ya tashi daga sassarfa zuwa ƙaramar sukuwa. Mahayin da bai san dawan garin ba sai ya ce taurin kai ne, ya ƙara masa ƙaimi. Sau da yawa kuwa tsoka ce ta ɗaure a wani wuri, dokin yana ta kare kansa daga zafinta. Hannunka zai iya gano wurin tun kafin idonka ya ga ɗingishi, kuma a wurina wannan shi ne babban amfanin tausa.

Diresaj kalma ce da ta fito daga Faransanci, ma'anarta horo. Ana yin gasarsa a fili mai faɗin mita 20 da tsawon mita 60, da haruffa a gefe-gefe da ke nuna inda kowane motsi zai fara da inda zai ƙare, alƙalai kuma suna ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Tun 1912 yake cikin wasannin Olamfik. Jamusawa sun tsara horonsa a matakai shida: daidaiton taku, sakewar jiki, amincewa da linzami, ƙarfin turi daga ƙafafun baya, miƙewa, sai tattara jiki a can ƙarshe, wato doki ya mayar da nauyinsa kan ƙafafun baya. Ka lura da na biyu. Idan jiki bai sake ba, sauran huɗun da ke samansa ba su da abin tsayawa a kai. Wani Ba'amurke mai suna Jack Meagher, wanda ya yi aiki da dawakin tawagar Amurka a Olamfik ɗin 1976 a Kanada, shi ya fi yaɗa tausar wasanni ga dawaki, kuma abin da ya dage a kai shi ne tsokar da ta ɗaure a wuri ɗaya tana tilasta wa wata ta ɗauki aikin da ba nata ba.

Ka san abin da ke ƙarƙashin hannunka

Doki yana da ƙasusuwa kusan 205. Ƙashin bayansa jere ne na gaɓoɓi: 7 a wuya, 18 a gadon baya waɗanda haƙarƙari 18 na kowane gefe ke manne da su, 6 a ƙugu, 5 da suka haɗe wuri guda a kuturi, sai na jela. Wasu dawakin Larabawa 5 suke da su a ƙugu.

Abubuwa uku ne nake so ka riƙe, domin su ne za su gyara maka yadda kake ɗora hannu.

Na farko, doki ba shi da ƙashin allon wuya irin namu da ke haɗa kafaɗa da ƙirji. Babu ƙashin da ya haɗa ƙafafunsa na gaba da gangar jikinsa. Tsokoki ne suka goya ƙirjinsa tsakanin kafaɗu biyu, kamar an rataye shi a majanyi. Ga shi kuma wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba yake idan yana tsaye. Aikin diresaj shi ne a koya masa ya ɗage ƙirji ya mayar da wani kaso na nauyin nan baya, don haka tsokokin da ke riƙe da ƙirjin suna shan aiki ƙwarai.

Na biyu, ƙashin wuya ba ya bin layin geza. Daga ƙeya yake gangarowa ƙasa, ya ratsa ta ƙasan tsakiyar wuya, ya shige tsakanin kafaɗu. Abin da ke ƙarƙashin geza wata doguwar jijiya ce mai taliya, wadda ta taso daga ƙeya zuwa doro, wato tudun nan da ke tsakanin wuya da baya, ta kuma ci gaba a kan ƙayoyin ƙashin baya. Shi ya sa idan doki ya sauke kai ya miƙa wuya gaba, jijiyar takan ja doron, bayan ya ɗago.

Na uku, daga gwiwar gaba zuwa ƙasa, da kuma daga gaɓar agara ta ƙafar baya zuwa ƙasa, babu tsokar da za ka tausa. Ƙashi ne da jijiyoyi da fata kawai. Abin da muke kira gwiwar gaba a doki shi ne daidai da wuyan hannunmu, kuma a kan yatsa guda yake tafiya, kofaton shi ne farcen.

Lokacin da ba a tausa

Kafin komai, ka tabbata dokin lafiyarsa lau. Zafin jikin babban doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciyarsa 28 zuwa 44 a minti ɗaya idan yana hutawa, numfashinsa 8 zuwa 16. Idan zazzaɓi yake yi, ka bar shi. Haka nan idan akwai kumburi mai zafi, ko sabon rauni, ko ƙuraje da makero a fata, ko ɗingishin da likita bai duba ba, ko alamun ciwon ciki irin su tonon ƙasa da waiwayen kwiɓi da birgima. Goɗiya mai ciki kuma sai da izinin likitan dabbobi.

Akwai cuta guda da nake so ka gane ta sosai, domin tana kama da abin da tausa za ta warware alhali tausa ƙara ta take yi. Doki yana cikin aiki ko ya gama, sai ya tsaya ƙiƙam, gumi na zuba, tsokokin kuturi da ƙugu sun yi tauri kamar katako, fitsarinsa kuma ya fito ja-ja ko baƙi-baƙi. Tsokokin ne ke lalacewa, abin da ke fita daga cikinsu kuma yana iya taɓa ƙoda. Kada ka murza shi, kada ka tilasta masa tafiya. Ka kira likita nan take.

Shiri

Ka zaɓi wuri mai shiru, ƙasa ba santsi, ba lokacin da ake raba abinci ba. A sa masa ragama, wani ya riƙe igiyar a sake, yana tsaye a gefen da kake. Idan kai kaɗai ne, ka ɗaure shi da ƙulli mai saurin kwancewa, ka bar masa sararin sauke kai. Ka goge masa ƙura da busasshen gumi, domin yashi a ƙarƙashin tafin hannu kankare fata yake yi. Ka yanke farce, ka cire zobe da agogo, ka sa takalmi rufaffe mai ƙwari. Ba ka bukatar mai. Gashin doki da kansa yana barin hannu ya zame, mai kuma tara datti yake.

Sannan a ja shi ya tafi ya dawo a gabanka a kan ƙasa mai tauri, da tafiya da sassarfa. Ka duba ko ƙafar baya tana sauka a sawun ta gaba ko tana wuce shi, ko duka gefen biyu daidai suke, ko jela tana lilo a tsakiya ko ta karkace. Minti biyar na tafiyar nan ma yana ɗumama jikinsa.

Mataki na farko: gaisuwa da shafa

Ka fara daga doro da gindin wuya. A nan dawaki ke sosa wa juna da haƙora idan suna shiri, kuma binciken da aka yi a kan dawakin Kamarg a kudancin Faransa a 1993 ya nuna cewa sosa wannan wuri yana rage bugun zuciyar doki. Ka ɗora tafin hannu, ka tsaya cak, ka yi numfashi a hankali har ka ga ya saki jiki.

Daga nan ka shafa shi da tafin hannu a buɗe, dogon shafi mai bin kwanciyar gashi: wuya, kafaɗa, baya, kuturi, cinya. Hannu ɗaya kada ya bar jikinsa, don ya san inda kake a kowane lokaci. A zagayen farko nauyin hannunka kawai ya isa. Ba gyara kake yi ba tukuna, bincike kake. Ina ya fi ɗumi? Ina ya yi sanyi? Ina fata ke karkarwa? Doki yana da siririyar tsoka a ƙarƙashin fata da yake korar ƙuda da ita, taɓi mai sauƙi da kan yatsa yana tayar da ita, don haka ka sa tafi gaba ɗaya, kada ka yi masa cakulkuli.

Fuskarsa ita ce ma'auninka. Idan ya lumshe ido, ya sauke kai, ya saki leɓen ƙasa, yana lasar baki ko tauna ko hamma, ko ya saki dogon numfashi, ka ci gaba. Idan ya kwantar da kunnuwa, ya ɗaga kai, ya ƙame, ya kaɗa jela da ƙarfi, ko ya ɗaga ƙafar baya, ka rage ƙarfi ko ka matsa gefe kaɗan. Na fi jin tsoron dokin da ya yi shiru ya daina ƙifta ido a kan wanda ya juyo zai cije ni, domin na farkon jurewa yake yi, ba daɗi yake ji ba.

Hannu yana da aiki huɗu bayan shafa. Dannawa: ka sa tudun tafin hannu ka tura tsoka a kan ƙashin da ke ƙarƙashinta, ka saki, ka maimaita a jere kamar mai kwaɓa. Murzawa: ƙananan da'irori da kan yatsu uku, fata tana tafiya tare da yatsun, ba yatsun ne ke gurzar fata ba. Riƙewa: idan ka sami ƙulli, ka danna shi da babban yatsa a hankali, ka tsaya daƙiƙa 20 zuwa 30. Sai gittawa: ka tura yatsu gaba da baya a gicciye da zaren tsokar. Ƙarfin ya fito daga nauyin jikinka, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ba daga yatsunka ba, in ba haka ba kafin ka gama gefe ɗaya hannunka ya mutu.

Mataki na biyu: ƙeya da wuya

Bayan kunne kaɗan za ka ji wani ƙashi mai fuka-fuki, shi ne gaɓar farko ta wuya. Tsakaninsa da ƙeya akwai ƙananan tsokoki masu gyaɗa kai da karkata shi. Dokin diresaj yana riƙe kansa a lanƙwashe tsawon darasi, don haka wurin nan yakan yi tauri, musamman idan hannun mahayi mai nauyi ne. Ka murza shi da kan yatsu, a hankali ƙwarai. Ka tsaya a gefe, kada fuskarka ta kasance a saman kansa, domin idan ya fizgo kai sama haɓarka ce za ta sha. Dawaki da yawa ba sa yarda a taɓa nan a ranar farko. Ba komai, ka wuce, ka dawo masa a ƙarshe.

Sai ka kama layin geza da hannu biyu, ka matsa ka saki, kana gangarowa zuwa doro, kana ɗan karkaɗa shi hagu da dama. Daga nan ka koma kan doguwar tsokar da ta taso daga bayan kunne ta bi ƙasan gefen wuya ta sauka a ƙashin damtse. Ita ce ke jan ƙafar gaba zuwa gaba. Idan ta ɗaure, takun gaba yakan gajarce, dokin kuma ya ƙi juya kai zuwa ɗaya gefen. Ka danna ta da tafi, ka murza, ka fi daɗewa a gindinta kusa da kafaɗa. A ƙasanta akwai kwari inda babbar jijiyar jini ta bi, ga kuma maƙogwaro. Nan ba wurin dannawa ba ne.

Wuyan doki yana ba da labarin yadda ake hawansa. Idan tsokar sama ta cika ta yi baka, ta ƙasa kuma tana da laushi, aikin yana tafiya daidai. Idan ta ƙasa ce ta kumburo ta yi tauri, ga rami a gaban doro, dokin yana turjiya da linzami ne yana tafiya da kai sama.

Mataki na uku: kafaɗa da ƙirji

Ka bi gefen gaba na allon kafaɗa da yatsu, ka shigar da su cikin kwarin gwargwadon yadda ya yarda. Sannan babbar tsokar da ke bayan kafaɗa, a saman gwiwar hannu, wato gaɓar da ke can saman ƙafar gaba dab da ƙirji: wannan tana ɗaukar dannawa mai ƙarfi. Ka gangara tsakanin ƙafafun gaba, da bayan gwiwar hannu inda majayi ke bi. Dokin da ke cizon iska idan ana ɗaure majayi sau da yawa nan ne ke damunsa. Amma idan tausa da sassauta majayi ba su canza komai ba, a duba shi, domin gyambon ciki ma yana kawo wannan hali.

Mataki na huɗu: gadon baya

A nan za ka fi daɗewa, domin a nan mahayi yake zaune kuma ta nan ƙarfin ƙafafun baya ke wucewa zuwa gaba.

A kowane gefe na ƙashin baya akwai tsoka mafi tsawo a jikin doki, likitoci na kiranta lonjisimus. Ta taso daga ƙashin ƙugu da kuturi ta tafi har gindin wuya. Tsokar motsi ce, dole ta riƙa tsukewa tana sakewa da kowane taku. Idan sirdi ya matse ta, ko mahayi yana faɗowa a kanta da nauyi, sai ta ƙame, bayan ya lotsa, kai ya tashi, ƙafafun baya su kasa shigowa ƙarƙashin ciki. Masana suna kwatanta jikin doki da baka da tsirkiya: ƙashin baya shi ne bakan, tsokokin ciki su ne tsirkiyar. Idan tsirkiya ta ja, baka ya tanƙwaro sama. Amma ba zai tanƙwaru ba muddin tsokar da ke samansa tana riƙe da shi a ƙame. Wannan shi ne dalilin da ya sa duk ƙoƙarin mahayi na tattara doki mai ciwon baya yake tashi a banza.

Ka nemo tsakiyar baya, inda kan ƙasusuwa suke a jere. Kada ka danna a kansu. Ka sauko faɗin yatsu biyu zuwa uku, a nan tsokar take. Ka fara daga bayan allon kafaɗa, ka shafa da tudun tafi zuwa kuturi sau biyar ko shida, kowane zagaye ya ɗan fi na baya nauyi. Sannan ka bi layin da dannawa, tafi bayan tafi. Tsoka mai lafiya tana karɓar hannu ta dawo, kamar ƙullun da ya kwaɓu. Wadda ta ɗaure za ka ji ta kamar igiya, ko ka ji wani ɗan ƙulli, ko ka ga tana tsalle nesa da inda ka danna. Idan ka same shi ka tsaya. Ka danna a hankali har inda dokin ya fara nuna ya ji, ka ɗan ja baya kaɗan daga nan, ka riƙe. Sau da yawa za ka ji ƙullin yana narkewa a ƙarƙashin yatsa, dokin ya saki numfashi. Ka gitta shi sau kaɗan, ka rufe da shafa. Idan bai saki ba bayan gwaji biyu ko uku, ka bar shi sai wani jiƙon. Nacin danna wuri ɗaya ƙujewa yake kawowa.

Wurare biyu ne suka fi tara matsala. Ɗaya bayan doro, inda gaban sirdi yake zama. Ɗaya kuma bayan haƙarƙari na ƙarshe, wato ƙugu. A ƙugu babu haƙarƙarin da ke tallafa wa baya, ƙoda kuma tana can ƙasa, don haka ba a bubbuga wurin, kuma bai kamata sirdi ya wuce haƙarƙari na 18 ba.

Idan dokin ya durƙusa ko ya zabura da ɗan taɓi kaɗan a tsakiyar baya, kuma kullum haka yake, wannan ya wuce aikin hannu. Akwai lalurar da ƙayoyin ƙashin baya ke matsowa har su riƙa gogar juna, sai da hoton ƙashi ake tabbatar da ita.

Ka rufe wannan mataki da ɗaga ciki. Ka sa kan yatsu a tsakiyar ƙirji, daidai inda majayi ke bi, ka tura sama kana ɗan sosawa. Za ka ga doro da baya sun ɗago. Ka riƙe daƙiƙa biyar, ka saki, sau uku. Ka sa ido a kan ƙafar baya, wasu sukan kai harbi gaba.

Mataki na biyar: kuturi da cinya

Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, don haka kada ka tsaya nan. Ka tsaya a gefe, jikinka dab da nasa, hannu ɗaya a kansa. Wanda ya tsaya dab turewa ake yi, wanda ya ba da tazarar taku guda shi harbi ke samu da cikakken ƙarfi.

Ka nemo ƙasusuwa uku: tsinin ƙugu a gefe, tudun kuturi a sama, da tsinin ɗuwawu a gefen jela. Naman da ke tsakaninsu shi ne injin doki. Tsokar saman kuturi mai kauri ce, za ka iya dunƙule hannu a sake ka danna da nauyin jiki. Daga nan ka bi tsokoki uku da suka gangaro ta bayan cinya zuwa agara. Akwai kwari tsakaninsu, ka bi shi da yatsu daga sama zuwa ƙasa. Su ne ke tura doki gaba, kuma idan sun ɗaure ƙafar baya ba ta miƙuwa gaba sosai.

A manyan motsin diresaj, kamar fiyaf, wato sassarfa a wuri ɗaya, da juyi a kan ƙafafun baya cikin ƙaramar sukuwa, dokin yana sauke kuturi ne kamar zai zauna. Gaɓar da ke ba shi damar haka tana tsakanin ƙugu da kuturi. Tsokokin da ke lanƙwasa ta suna can ciki, ƙarƙashin ƙashin baya, hannu ba ya kaiwa gare su. Abin da za ka iya shi ne ka sassauta na sama, sannan ka sosa gefen jela biyu da yatsu, tazarar tafi ɗaya daga gindinta, har ya tanƙwaro ƙugu da kansa.

Mataki na shida: ƙafafu

Dubawa ce kawai. Ka shafo kowace ƙafa zuwa kofato, kana kwatanta hagu da dama: zafi, kumburi, ko wurin da yake janyewa. Jijiyar da ke manne da bayan ƙashin ƙwauri, musamman samanta a ƙafar baya, tana yawan samun rauni a dawakin diresaj, kuma ciwonta kan fara bayyana ne a matsayin taurin baya. In ka ji wani abu, likita.

Da ka gama gefe ɗaya, ka zaga ka maimaita komai a ɗayan.

Mataki na bakwai: miƙa jiki

Ana yin sa ne bayan jiki ya yi ɗumi. Mafi aminci shi ne wanda dokin ke yi da kansa yana bin ɗan karas a hannunka. Ka ja haɓarsa zuwa ƙirji, sannan tsakanin gwiwoyi, sannan tsakanin ƙafafu kusa da ƙasa. Sai gefe: zuwa wurin majayi, zuwa kwiɓi, zuwa agara. Kowanne ya tsaya kamar daƙiƙa biyar. A Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, Narelle Stubbs da Hilary Clayton da abokan aikinsu sun sa dawaki yin irin wannan atisaye kwana biyar a mako har wata uku, kuma sakamakon da suka fitar a 2011 ya nuna ƙananan tsokokin da ke riƙe gaɓoɓin ƙashin baya sun ƙara kauri, na hagu da na dama kuma sun ƙara daidaita. Ka kula da yatsunka, ka kuma tsayar da shi kusa da bango don kada ya juya da ƙafa maimakon ya lanƙwasa.

Yaushe, kuma sau nawa

Cikakkiyar tausa tana cin minti 45 zuwa awa ɗaya. Ka yi ta ranar hutu ko ranar aiki mara nauyi, sau ɗaya a mako ko a mako biyu. Ranar farko minti 15 ya isa. Bayan an gama a ja shi ya taka na minti goma, a ba shi ruwa, washegari kuma a yi aiki mai sauƙi da dogon linzami. Kafin hawa, minti biyar na shafa da dannawa mai sauri a baya da kafaɗa yana da kyau, amma ba ya maye gurbin minti goma na tafiya kafin a fara sassarfa. Bayan hawa ka jira numfashinsa ya daidaita, gumi ya bushe. Kada kuma ka gwada tausa mai zurfi karon farko ana gobe gasa, ba a fafe gora ranar tafiya. Jikin da aka sassauta yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya saba da kansa.

Idan ƙulli ɗaya yana ta dawowa

Ka sami littafi, ka zana doki gefe biyu, ka riƙa sa alama da kwanan wata a duk inda ka ji tauri. Bayan mako huɗu zanen zai nuna maka abin da ba za ka iya tunawa da ka ba. Ƙullin da ka warware ya tafi, gajiya ce. Wanda ya dawo wuri ɗaya sau uku, akwai mai ɗaura shi kullum, kuma aikinka ya koma neman sa.

Ka fara da sirdi. Ka ɗora shi ba shimfiɗa, ka duba ko yatsu biyu zuwa uku suna shiga tsakaninsa da doro, ko yana barin allon kafaɗa ya motsa, ko yana kwance daidai daga gaba zuwa baya. Farin gashi a wurin zaman sirdi shaidar tsohon matsi ne. Jikin doki yana canzawa da horo, sirdin da ya dace bara ba lallai ya dace bana ba. Sai haƙora: turamen doki suna ci gaba da fitowa tsawon shekaru, gefensu yana yin kaifi ya yanki kumatu, dokin ya karkatar da kai, ƙeya ta ɗaure. A duba su aƙalla sau ɗaya a shekara. Sai kofato, wanda ke bukatar gyara kusan kowane mako shida, domin kofato mara daidaito yana sauya yadda kafaɗa ke aiki.

Sai kuma kai kanka, kuma wannan ne ya fi wuyar karɓa. Idan taurin kullum a gefen dama na baya yake, ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo ta baya kana hawa. Mahayi da yawa suna zama a kan ɗuwawu ɗaya, ko likkafa ɗaya ta fi tsawo, ko hannu ɗaya ya fi ja, ba su sani ba. Haka nan jan haɓar doki zuwa ƙirjinsa da ƙarfi, wanda hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta haramta a 2010, yana barin sawunsa a ƙeya da tsakiyar wuya, kuma babu tausar da za ta goge shi matuƙar ana maimaitawa.

Wata likitar dawaki a Ingila, Sue Dyson, ta tsara jerin halaye 24 da doki ke nunawa idan ana hawansa cikin ciwo, irin su kwantar da kunnuwa na tsawon lokaci, buɗe baki, karkatar da kai, kaɗa jela, da yawan tuntuɓe. Wanda ya nuna 8 ko fiye, akwai yiwuwar ciwon tsoka ko ƙashi yana damunsa ko da ba a ga ɗingishi ba. Idan dokinka ya kai wannan adadi, ka sauke sirdi, ka kira likitan dabbobi, ka ba shi littafin nan da zanen da ke ciki, ka nuna masa wurin da hannunka ya fara jin taurin da ranar da ka fara ji.